Daga Alkawarin Jiha Zuwa Alkawarin Canji

Tun kafin a sauke tutar Ingila a 1960 mu mutanen ƙananan kabilun Arewa muke jin alkawarin 'yan siyasa. Kakanninmu sun ji, iyayenmu sun ji, ga 'ya'yanmu ma sun soma ji. Kowane zamani da kalmarsa. A dā ana cewa 'yanci, daga baya aka ce jiha, aka ce gyara, a 2015 kuwa aka ce canji. A wannan darasi za mu bi sawun alkawaran nan da shekarunsu, sa'an nan mu duba wani aiki dabam wanda ya yi ta gudana a ƙauyukanmu a daidai waɗannan shekaru, ko da yake ba a taɓa buga masa ganga a filin taro ba.

Alkawari na fari da ya kama zuciyar iyayenmu shi ne na jiha. Wajen 1950, sa'ad da ya tabbata Turawa za su tafi, tsoro ya kama mutanen Filato, da Binuwai, da kudancin Zariya, da Adamawa. Suna tambayar kansu, in Bature ya tafi, wa zai ji kukanmu a Kaduna? Daga nan ƙungiyar Middle Zone League ta fito, shugabanta kuwa fasto ne, David Lot na Panyam, ɗaya daga cikin mutum uku na farko da mishan ɗin SUM ta naɗa fastoci a 1938, tare da Toma Tok Bot da Bali Falang. A 1955 ƙungiyoyin yankin suka haɗu suka zama jam'iyyar UMBC, wadda Joseph Tarka, malamin makaranta daga ƙasar Tibi, ya zama jagoranta. Maganarsu ɗaya ce: a yanka mana yankinmu daga Jihar Arewa, mu riƙe al'amuranmu da hannunmu.

Gwamnatin Ingila ta kafa hukumar bincike a 1957 a ƙarƙashin Henry Willink don ta saurari tsoron ƙananan kabilu. Rahoton ya fito a 1958. Hukumar ta ce ƙirƙirar sababbin jihohi ba zai warkar da tsoron ba, ta ba da shawara a rubuta haƙƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Iyayenmu suka ji zafi ƙwarai, suna kuwa da dalili. Amma abin da aka roƙa ya zo bayan shekara tara, ta hanyar da ba wanda ya zata. Ran 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya raba ƙasar jiha goma sha biyu, Arewa ta zama shida. Wanda ya sa hannu ɗin nan ɗan Ngas ne, ɗan mai bishara, wanda ya girma a Wusasa. Gwamnan sabuwar jihar Binuwai-Filato, Joseph Gomwalk, shi ma ɗan ikkilisiya ne. Wace addu'a ce ta ragu ba a amsa ba?

Kada mu raina abin da aka samu. A zamanin Gomwalk aka buɗe reshen Jami'ar Ibadan a Jos a 1971, wanda ya zama Jami'ar Jos a 1975, aka kafa jaridar Nigeria Standard, aka yi hanyoyi. Yaran da dā ba su da zaton wuce aikin malanta suka zama manyan sakatarori da alƙalai. A 1976 gwamnatin tarayya ta buɗe makarantar firamare kyauta ga kowa, watau UPE, yara da yawa a gidajenmu ta nan suka fara riƙe fensir. Hukuma mai adalci baiwa ce daga wurin Allah, wanda ya ce siyasa ba ta taɓa amfanar kowa ba bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai tarihi bai tsaya nan ba. Bayan yaƙin basasa kuɗin mai ya kwararo, musamman daga 1973. Gowon ya riga ya yi alkawari zai mayar da mulki ga farar hula a 1976, amma ran 1 ga Oktoba 1974 ya ce wannan rana ba za ta yiwu ba. A 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka tare tashar Legas wata da watanni, ƙasa tana biyan kuɗin jira, domin an yi odar abin da ya fi ƙarfin tashar nesa ba kusa ba. Ran 29 ga Yuli 1975, Gowon yana taro a Kampala, aka hamɓarar da shi. Waɗanda suka hau suka ce gyara suka zo yi, suka sallami dubban ma'aikata. Kafin wata bakwai su cika aka kashe Murtala Muhammed, aka harbe mutane da dama a kan zargin juyin mulkin, har da Gomwalk, gidaje da yawa a Filato suka shiga makoki.

Jihohi kuwa suka yi ta ƙaruwa: 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996, ƙananan hukumomi har 774. Duk sa'ad da aka yanka sabuwar jiha sai a yi rawa, a yanka shanu. Bayan 'yan shekaru sai a tarar cikin sabuwar jihar ma akwai wata babbar kabila da wata ƙarama, wanda ya yi kukan danniya jiya ya koyi danne na ƙasa da shi yau. A nan ne maganar ta fi ciwo. Rikicin Tibi da Jukun a yankin Wukari a 1991 da 1992, da kuma 2001, da rikicin Takum na 1997, yawancin waɗanda suka mutu da yawancin waɗanda suka ɗauki makami mutane ne da aka yi wa baftisma. Takum kuwa tana dab da Lupwe, inda Johanna Veenstra ta zauna tana koyar da Maganar Allah kafin ta rasu a 1933. Ba mu kawo wannan don mu ɗora wa wata kabila laifi ba. Mun kawo shi ne domin ya nuna cewa taswira ta sake har sau biyar, amma kishi da haɗama da riƙon gaba sun bi mu cikin kowace sabuwar jiha, kamar yadda ƙuma take bin kare duk gidan da aka kai shi.

Gwamnatocin ma sun gane cewa ciwon yana cikin hali, shi ya sa suka yi ta ƙoƙarin gyara hali da doka. Shehu Shagari ya yi shelar juyin ɗabi'a a 1982. A watan Maris 1984 Buhari da Idiagbon suka ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda kowa ya sani da WAI. Manyanmu suna tunawa: soja da bulala a tashar mota, kowa ya bi layi, ma'aikacin da ya makara ya yi tsallen kwaɗo, ranar Asabar a share unguwa. Layin ya miƙe kuwa, muddin mai bulala yana tsaye. Babangida ya kawo MAMSER a 1987, ya ɗaga ranar miƙa mulki sau da dama, a ƙarshe ya soke zaɓen 12 ga Yuni 1993. Bayan 1999 kowane shugaba ya zo da nasa suna, wani ƙudurori bakwai, wani sauya fasalin ƙasa. Ba sai mun lissafta su duka ba.

Na 2015 ya isa a ɗan tsaya a kansa, gama ba a taɓa yin kalma ɗaya da ta cika bakin talaka haka ba. Ana ɗaga tsintsiya, ana kiran canji, yara ma suna maimaitawa a hanyar makaranta. Mutane sun gaji da kashe-kashen Boko Haram da satar dukiyar ƙasa, gajiyarsu kuwa ta gaskiya ce. Wani abin kirki ya faru a makon zaɓen: Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari waya ya amince da shan kaye tun ba a gama faɗar sakamako ba, wannan waya ta ceci rayuka da Allah kaɗai ya san yawansu. Amma litar man fetur da take naira 87 a lokacin ta koma 145 a Mayu 2016. A Satumba na shekarar gwamnatin da ta yi alkawarin canji ta fito da wani sabon kira, cewa canji daga kan kowane ɗan ƙasa zai fara. Jama'a suka yi dariya mai ɗaci, suka ce ba haka aka faɗa mana a filin taro ba. Duk da haka maganar tana da gaskiya a cikinta, illa dai gwamnati ba ta da ikon aikata abin da ta faɗa. Bayan an cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, lita ta haura naira 1,000 a 2024.

Littafi Mai Tsarki ya san irin wannan siyasa tun da daɗewa. Ku buɗe 2 Sama'ila sura 15 a gida ku karanta tare da yara. Absalom ɗan Dawuda ya samo wa kansa karusa da dawakai da mutum hamsin masu gudu a gabansa. Yakan yi sammako ya tsaya a bakin hanyar ƙofar birni. Duk mai ƙara da ya zo neman sarki, sai ya tare shi, ya tambayi garinsu, ya gaya masa ƙararsa tana da kyau, sai dai ba wanda zai saurare shi, da ma shi ne alƙali da kowa ya sami gaskiyarsa. In mutum ya zo zai rusuna masa, sai ya kama shi ya sumbace shi. Ku lura, ba lalle ƙarya Absalom ya yi game da jinkirin shari'a ba. Ya sa yatsa a kan ciwo na ainihi. Amma ciwon talaka tsani ne kawai a gare shi, ƙarshen abin kuwa yaƙi ne, inda mutum dubu ashirin suka mutu a jejin Ifraimu. Wanda ya taɓa ganin jerin motoci sun shigo ƙauye da ƙura, an raba gishiri da atamfa, an kira tsohuwa mama, ya riga ya ga Absalom.

Annabi Ezekiyel, a sura 36, yana magana da mutanen da suka rasa ƙasa da sarki da Haikali. Allah ya yi musu alkawarin komawa ƙasarsu, amma tare da wannan ya ce zai cire musu zuciyar dutse ya ba su mai taushi, ya sa Ruhunsa a cikinsu. Gama ya sani in suka koma da tsohuwar zuciya, tsohon zalunci za su sake ginawa a kan sabon tushe.

To, bari mu juya ga ɗaya tarihin. A Disamba 1893 samari uku suka sauka Legas, Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa a 1900 zazzaɓi ya kore shi, sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Karl Kumm da abokansa uku suka isa Wase a 1904. Niels Brønnum ya isa Numan a 1913. Ran 17 ga Maris 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta fari a gindin tsamiya a Garkida. Turawan nan mutane ne masu kasawa. Waɗansunsu sun raina al'adun da ba su fahimta ba, waɗansu sun yi jinkirin sakin ragama ga 'yan ƙasa. Amma ba ƙuri'a suka zo nema ba, kaburburansu da na 'ya'yansu suna nan a Miango da Garkida suna shaida.

Abin da aka fi mantawa shi ne, yawancin ƙauyukanmu ba daga bakin Bature suka fara jin bishara ba. Wani saurayi ne da ya koyi karatu a tashar mishan, ko ya yi 'yan shekaru a Gindiri bayan an buɗe ta a 1934, ya ɗauki matarsa da fartanya da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ya fito a 1932, ya tafi wani dutse inda ba a jin harshensa. Ya roƙi gona, ya yi noma da safe, da yamma ya tara yara a gindin itace yana koya musu baƙaƙe. Matarsa ta karɓi haihuwa, ta wanke gyambo. Waɗansu an kore su, waɗansu sun binne 'ya'ya a can. A 1948 ikkilisiyoyin SIM suka kafa ƙungiyar aika 'yan ƙasa, wadda ta zama EMS, da baikon manoma ake tallafa mata, wani kwanon dawa, wani kaza. Ku tambayi tsofaffin majami'arku sunan wanda ya fara kawo Maganar garinku, ku rubuta shi a bangon Littafinku, gama babu titin da aka sa wa sunansa.

Ku tuna kuma da masu ciwon kuturta. A zamanin da ake gina wa mai ciwon bukka a bayan gari, ana tura masa abinci daga nesa, aka buɗe mazauninsu a Garkida a 1929, daga baya a Molai kusa da Maiduguri, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina. Da yawa daga cikin waɗanda suka warke suka koma garuruwansu da karatu da sana'a da bangaskiya, har suka zama tushen ikkilisiya a wuraren da aka hana mishan shiga. A Janairu 1969 wata nas mai suna Laura Wine ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a asibitin Lassa, aka kai ta asibitin SIM a Jos, ta mutu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta kamu, ita ma ta mutu. Likita Jeanette Troup ta san haɗarin sarai, amma da ciwon ya sake ɓarkewa a 1970 ta ci gaba da duba marasa lafiya, ta yanke a yatsa tana binciken gawa don a gane cutar, ta rasu a watan Fabrairu. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, jaridu suna cike da manyan jawabai, ita kuwa a ɗakin gawa ta ba da ranta.

Sabon Rai Don Kowa ya taso tsakanin 1963 da 1964, daidai lokacin da siyasar Jamhuriya ta Ɗaya take tafasa, ana ƙone gidaje a ƙasar Tibi. Gerald Swank na SIM da shugabannin ikkilisiyoyi dabam dabam suka ce aikin shaida na kowane mai bi ne, ba na fasto kaɗai ba. Aka kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje da asuba, aka koya wa manoma da matan aure yadda za su bayyana hanyar ceto, da rani suka fita da ƙafa ƙauye ƙauye, mutanen ECWA da na TEKAN da Baptis da Anglikan kafaɗa da kafaɗa. Inda tuba ta gaskiya ta shiga, ana ganinta da ido, kamar ta Zakka a Luka 19 wanda ya fara da mayar da abin da ya ƙwata. Mai bashi yakan biya, mashayi yakan kawo kuɗin hatsi gida, 'yan'uwa da suka shekara ba sa gaisawa saboda iyakar gona sukan ci tuwo a kwano ɗaya. WAI ta so ta ga irin wannan, amma bulala ba ta kai can ciki.

Kada wani ya ji wannan ya ce ashe mai bi ya wanke hannunsa daga siyasa. David Lot fasto ne, ya kuma zauna a majalisa. Nehemiya gwamna ne. Sura 5 ta littafinsa ta nuna shekara goma sha biyu yana mulkin Yahuza bai karɓi abincin da doka ta ba gwamna ba, domin ya ga nauyin ya yi wa jama'a yawa, ga shi kuwa mutum ɗari da hamsin suna ci a teburinsa. Bai sayi gona ba, barorinsa ma a bakin aikin garu suke. Dalilin da ya bayar shi ne tsoron Allah. Irin wannan muke roƙon Ubangiji ya tayar daga cikin 'ya'yanmu. Mu yanki katin zaɓe, mu fita, mu tsare ƙuri'armu, mu tambayi mai neman kujera abin da ya yi da ƙaramar amanar da aka taɓa ba shi. Amma a ganinmu abin kunya ne yadda a waɗansu majami'u ake tayar da dattijon da ya shekara arba'in yana share ɗakin sujada don a ba ɗan takara kujerar gaba, a miƙa masa bagade ya yi talla, saboda ya yi alkawarin kwanon rufi. Yakubu sura 2 ta yi magana a kan wannan kujera filla filla. Ikkilisiyar da ta ci kuɗin ɗan takara a watan zaɓe, da wane baki za ta tsawata masa bayan an rantsar da shi? A Markus sura 10, sa'ad da 'ya'yan Zabadi suka nemi kujerun dama da hagu, Yesu ya nuna musu yadda masu mulkin al'ummai suke nuna wa mutane iko, ya ce a tsakaninsu babba shi ne bara, ya kuwa kafa hujja da kansa, shi da ya zo ya ba da ransa fansa.

Wannan hali bai mutu tare da tsofaffi ba. A 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN, a ƙarshen Oktoba kuma hedkwatar ikkilisiyar a Kwarhi da garin Mubi suka fāɗa hannun Boko Haram. Mutane suka kwarara Yola da Jos da Abuja da ƙafa da bayan akori-kura. Ana tsakiyar shirin zaɓe, allunan 'yan takara sun cika tituna. Waɗanda suka fara buɗe ƙofa gidaje ne irin namu, mai ɗaki biyu ya karɓi iyali uku, 'yan Zumunta Mata suka haɗa garin tuwo da zannuwa. A Yola, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar Saint Theresa ga dubban 'yan gudun hijira ba tare da tambayar ɗarikarsu ko addininsu ba. Daga baya ya gina wa waɗanda ba su iya komawa ba gidaje, ya gina musu makaranta da majami'a, a 2021 kuma aka buɗe masallacin da ya gina wa Musulmin da suke cikinsu. Waɗansu Kirista sun yi gunaguni a kan masallacin.

Allah kuma yakan koya mana ta bakin da ba mu zata ba, kamar yadda Yesu ya koya wa masanin Attaura ta wurin Basamariye. A Yuni 2018, sa'ad da mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi, mutane suka gudu zuwa Nghar Yelwa. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara fiye da tamanin, ya shigar da mata cikin gidansa, ya shigar da maza masallaci, fiye da mutum 200, yawancinsu Kirista 'yan Berom. Da maharan suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya tsaya yana roƙonsu har suka juya suka tafi.